Mahaya Keke a Tafkin Eder: Kowa da Irin Hakinsa

A jihar Hesse ta ƙasar Jamus, kudu maso yamma da birnin Kassel, akwai tafkin Edersee mai tsawon kilomita 27, yana lanƙwashe-lanƙwashe a tsakanin tuddai. Madatsar ruwan da aka gina daga 1908 zuwa 1914 ce ta haife shi. A gefensa kuma akwai gandun dajin ƙasa na Kellerwald-Edersee da aka kafa a 2004, wanda hukumar UNESCO ta sa tsofaffin bishiyoyinsa cikin kayan gadon duniya a 2011. Dokar gandun ita ce a ƙyale daji ya yi yadda ya ga dama, ko itace ya faɗi a bar shi ya ruɓe a inda yake. Baƙi na zuwa da fatan ganin kyanwar daji, ita kuwa ba ta da lokacinsu. Halittar da ba a wahalar gani a nan ita ce ɗan Adam a kan keken hawan dutse, kuma shi ma jinsi-jinsi ne.

Tun daga wurin ajiye motoci ake gane Mai Kaya. Kekensa ya fi motar da ta ɗauko shi tsada, kuma da yatsa biyu yake ɗaga shi don jama'a su shaida rashin nauyinsa. Hular kwano, tabarau, safar hannu, da matsattsen wandon da ba ya rufa wa kowa asiri, duk launinsu ɗaya. Sai ya shafe rabin sa'a yana auna iskar taya, yana ɗiga wa sarƙa mai. Ya kashe maƙudan kuɗi don rage wa keken nauyin giram 200, alhali tumbin da zai hau kansa ya ƙaru da kilo 10 tun hunturun bara. Ba ya son taɓo. Idan aka yi ruwa da dare, a kan kwaltar bakin tafki za ka same shi, yana tafe a hankali da keken da aka ƙera don tsallake duwatsu.

Abokin gabarsa shi ne Mai Batir. Dokar Jamus ta yarda injin keke ya taimaka wa mai feda har gudun kilomita 25 a awa, kuma wannan doka ta rushe tsarin girma a kan tudu. Da, wanda ya isa sama shi ne mai ƙarfin cinya. Yanzu saurayi na kan hawa zuwa fadar Waldeck, wadda ke tsaye can ƙololuwa a kan tafkin, harshe waje, jijiyar wuya ta tashi, sai wata tsohuwa 'yar fansho ta wuce shi zaune daram, da kwandon abinci a baya, ta yi masa barka da hantsi. Ba wucewar ce ke ƙona masa rai ba, gaisuwar ce, domin ba shi da numfashin amsawa. Ni dai ina bayan tsohuwar. Shekara arba'in ta yi tana aiki, tana da haƙƙin ganin daji ba tare da ta suma ba. Amma a cikin masu batir akwai wanda ya manta bai yi caji ba. Zagayen tafkin ya kai kimanin kilomita 50, kuma a daidai inda ya fi nisa da mota ne fitilar ke komawa ja. Daga nan sai ya gane cewa abin da ke ɗauke da shi tun safe ya haura kilo 20, kuma yanzu lokacin ramawa ya yi.

Mai Agogo bai taɓa ganin tafkin ba, ko da yake duk mako yana zagaya shi. Idonsa na kan na'urar da ke maƙale a kan keken, hankalinsa na kan manhajar Strava, inda wani mutumin da bai sani ba ya fi shi da daƙiƙa huɗu a wani hawa. Ka tambaye shi yadda dajin yake, ya faɗa maka bugun zuciyarsa.

Idan tafiyar ta ƙungiya ce, ba a rasa Malam Tarihi. Shi a kan bangon madatsar yake taka birki, kowa ya tsaya dole. Zai faɗa muku tsayin bangon mita 48 ne, tsawonsa mita 400. Zai kwatanta da hannu yadda jiragen yaƙin Ingila suka zo a daren 16 ga Mayu wayewar 17, 1943, da bam mai tsalle a kan ruwa, suka fasa shi. Zai ƙara da cewa ba don masu yawon buɗe ido aka tara ruwan ba, don a riƙa sakinsa ne zuwa kogin Weser da mashigin Mittelland saboda jiragen ruwa, shi ya sa a ƙarshen bazara tafkin ke ja da baya. Duk gaskiya ne, kuma abin haushin ke nan, ba ka da ta cewa. A shekarar fari kuwa sai dai haƙuri, don ragowar ƙauyukan da ruwa ya cinye, Asel da Berich da Bringhausen, sukan fito fili, har a taka tsohuwar gadar Asel mai baka huɗu da ƙafa. Ranar Malam Tarihi ba ya kwana. Abin da 'yan tafiya suka daɗe da lura shi ne darasinsa ya fi tsawo a duk inda wani hawa mai tsanani ke jiran su a gaba.

Sai Na-San-Hanya. A cikin gandun, hanyoyin da aka yi wa alama kaɗai aka yarda a bi, amma shi ya san wata 'yar siririya da za ta rage tafiya. Bayan minti ashirin mutum shida na saɓe da kekuna a kafaɗa suna tsallake kututturan da hukuma ta bari da gangan, kaska na hawa ƙafafunsu, shi kuma yana juya wayar da ba ta da sabis yana cewa bara ba haka wurin yake ba. Idan suka yi kiciɓis da ma'aikacin gandu, nan take Jamusancinsa ke ɓacewa.

Akwai kuma maigidan da ya lallaɓo uwargida da alkawarin 'yar shan iska a bakin ruwa. Gefen tafki shimfiɗe yake, amma da zarar an karkata cikin daji, tudun da ya fi tsayi a gandun ya haura mita 600. Kalmarsa ɗaya ce tun daga gindin tudu: saura kaɗan. Ta ji ta a kwana ta farko, ta ji ta a ta biyar. Yana gaba yana waiwaye yana ba da shawarar a sauya giyar keken, ita kuma ta sauka tana turawa, ta yi shiru irin wanda duk mai aure ya san fassararsa. A gangara ne lissafi ke juyewa. Ita ta saki birki ta ɓace, shi yana bin ta a baya yana kiran a yi hankali da tsakuwa.

Ba a kammala wannan ƙidaya ba sai da Mai Sanduna, wanda ba ya kan keke amma rabin rayuwarsa a dajin maganar keke ce. Shi matafiyin ƙasa ne, da sandunan dogarawa biyu da takalmi mai nauyi. Ka kaɗa masa ƙararrawa, ya ce ka firgita shi. Ka wuce shiru, ya ɗaga murya ya tambaya ko kekenka ba shi da ƙararrawa. Ka yi tari a matsayin sulhu, ya tsaya cak a tsakiyar hanya, matarsa ta yi dama, karensa ya yi hagu, igiyar karen ta miƙe a tsakani.

Wanda ya fi kowa morewa, a ganina, shi ne Mai Teburi. Ya sauke keke daga mota, ya yi feda kilomita biyu zuwa shagon shan gahawa na farko, ya jingine shi inda za a gani, ya ajiye hular kwano kusa da farantin kek. Da yamma, in sauran suka dawo buɗu-buɗu da ƙura, shi ne mai ba su labarin hanyoyin da suka fi wuya, har da na Willingen, garin da ke gunduma ɗaya da tafkin, inda motar igiya ke kai mutum da kekensa kan dutse, sai gangarowa kawai.

Shi ma akwai wanda ya fi shi. A watan Afrilun 1934 aka saki wasu dabbobi huɗu 'yan asalin Amurka a bakin wannan tafki, rakun, masu baƙin zane a ido da hannaye kamar na ɓarawon kasuwa. Jikokinsu sun bazu har cikin rufin gidajen Kassel. Da dare, a sansanin masu kwana a tanti, sukan bi jakunkunan keke ɗaya bayan ɗaya, kuma ta Mai Kaya suka fi so, don abincin ƙarin kuzarinsa mai tsada ne kuma ko buɗe shi bai yi ba.