Gwaggo da Kalar Amarya

A danginmu duk wanda aka gani da kwamfuta ya shiga uku. Shi ne mai cike fom ɗin jarrabawa, shi ne mai duba wayar da ta faɗa randa, shi ne kuma ake tambaya ko da gaske gwamnati na rabon kuɗi ta WhatsApp. Don haka da aka yi bikin 'yar Kawu, ba wanda ya nemi jin ta bakina kafin a naɗa ni mai haɗa bidiyo. Mai kamarar ya ce shi kuɗin ɗauka kaɗai aka biya shi, ya danƙa wa Kawu mimori, ya kama hanyar Gombe inda wani bikin ke jiransa. Kawu ya ce, "Ai ɗan danne-danne ne, ka haɗa mana kafin Juma'a." Ladana kuwa masa da miyar taushe kullum safiya. Wanda ya san masar Bauchi ba zai ce an ƙware ni sosai ba.

Aka kuma haɗa ni da mai sa ido. Gwaggo, yayar Kawu, ta zo ɗakina da ke Jahun da tabarmarta da carbinta, ta ce ba inda za ta sai ta ga yadda za a fitar da ɗiyarta.

Ina buɗe faifan farko ta dafe ƙirji. Amarya toka-toka, ango toka-toka, har jan leshin uwar biki ya koɗe.

"Innalillahi! Yaro, a cikin hazo aka yi bikin nan ban sani ba?"

Mai ɗaukar hoton da kamarar Sony ya yi aiki, ya kuma ɗauka a tsarin da ake kira S-Log3. Da gangan ake ɗaukar hoton a koɗe, don kamara ta riƙe abin da ke cikin haske mai ƙarfi da abin da ke cikin inuwa, sai daga baya mai tacewa ya mayar da shi Rec.709, ma'aunin kalar talabijin na HD da aka fitar tun 1990. Masu gaggawa sukan zazzago wani LUT, wato shiryayyen saitin kala, daga intanet su maka a kai, alhali an yi shi ne don wata kamarar daban. Hanyar da ta fi lafiya a DaVinci Resolve, manhajar kamfanin Blackmagic da ke da sigar kyauta, ita ce ka gaya mata ainihin tsarin da aka ɗauka da wanda kake so a fita da shi. Ina yin haka leshi ya dawo ja. Gwaggo ta ce, "Yauwa, ashe ka iya. Da iskanci kake yi mini."

Zauren dinar kuwa fitila iri uku ce a cikinsa: ƙwai masu ruwan ɗorawa da zafin kalarsu bai wuce 3200 a ma'aunin Kelvin ba, da farare masu kama da hasken rana wajen 5600, ga kuma wasu masu shuɗi da ja da ke juyi a kan kujerar amarya. A irin wannan hali sai ka nemi wani farin abu a cikin hoton ka nuna wa manhaja, ka ce ga fari, ta daidaita saura a kansa. Me ya kai babbar rigar Kawu fari? Na danna a kanta. Nan take dangi kaf suka koma rawaya.

"Shawara ce ta kama su gaba ɗaya?" in ji Gwaggo.

Ashe mai wankin Kawu ba ya wasa da bula. Ido na ganin riga fara sol, manhaja na ganin shuɗi, sai ta zuba rawaya don ta kashe shi. Wata farar takardar goge hannu da ke kan tebur ce ta cece mu. Tun daga nan duk bikin da na je sai na roƙi mai kamara ya ɗauki farar takarda na ɗan lokaci a ƙarƙashin fitilar wurin kafin a fara shagali.

Sai ƙawayen amarya suka turo nasu hotunan na ranar kamu da sa lalle, inda ba a bar namiji ya shiga ba. Mai iPhone nata ya fito fari fat, fuskoki sun ƙone, domin tun daga iPhone 12 na 2020 wayar da tsarin HDR take ɗauka in ba a kashe shi ba, shi ma sai an sauko da shi Rec.709. Na wata kuma wasu baƙaƙen layuka ke ta hawa da sauka a jikin bango. Lantarkinmu yana bugawa sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma suna zuwa a kan firam 30, lissafin Amurka mai bugu 60. Maganinsa tun a wurin ɗauka yake: a sa firam 25 ko 50. Abin share wannan ƙyaftawar a Resolve yana cikin sigar da ake saye da dala, ni kuwa da masa ake biyana, sai na yanke wuraren na rufe da hoton hannun amarya.

Abin da ya fi ba ni wuya sanƙira ne. Wani ƙanena ya ɗauki ɗaurin auren da waya, sautin kuma daga na'urar mai kamara. A farko baki da murya suna tare. Can tsakiya murya ta fara riga baki. Zuwa ƙarshe sanƙira ya rufe bakinsa yana gyara hula, muryarsa ta riga ta tafi, sai ga Kawu ya buɗe baki zai yi hamma daidai inda ake shelar sadaki lakadan ba ajalan ba. Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, ta ce a bar shi haka. Waya ba ta tsayawa a kan adadin firam ɗaya, takan rage ta ƙara yadda ta ga dama. Sai ka bi da faifan ta HandBrake, ita ma kyauta ce, ka ɗaure shi a kan adadi tsayayye kafin ya shiga aiki.

Kwamfutata mai RAM 8 kuwa, ga hoton 4K, ga zafin Afrilu, nishi kawai take. Na yi ƙananan kwafi marasa nauyi da ake kira firoksi, na yi yankan a kansu, ita kuma na ɗora ta a kan murfin tukunya na saita mata fanka. Ana ɗauke wuta ba sallama, shi ya sa na kunna ajiyar kai-tsaye. Wata rana ɗan Gwaggo ya cire faifan ajiyata ya soka filashinsa zai kwashi waƙoƙi. Da na mayar, Windows ta sauya wa faifan harafi daga E zuwa F, allo ya koma ja wur. Gwaggo ta fara salati, wai biki ya ƙone. Ba abin da ya ɓace, nuna wa manhajar sabon wurin kawai aka yi. Amma a daren na kwafe komai a faifai na biyu na kai ɗakin Inna.

Rigimar gaske a kan fatar amarya aka yi ta. Yarinyar baƙa ce kyakkyawa.

"Ɗan ƙara mata haske."

Na ƙara kaɗan.

"Ƙara dai. Rowar me kake yi, da kuɗinka ake sayen hasken?"

Na nuna mata ma'aunin kala mai da'ira, inda akwai wani layi da fatar ɗan Adam, baƙi ko fari, ke kwanciya a kusa da shi. In ka matsa wa haske, fuska ta yi fari-fari ba jini, baƙin lalle ya koma ruwan ƙasa. Ta ce ita ba ta san layi ba. Na biye mata na tura hoto ɗaya gidan ango don gwaji. Ba a jima ba uwar ango ta bugo waya tana tambaya ko wace ce wannan ta zauna kusa da ɗanta, don su dai ba ita suka biya wa sadaki ba. Gwaggo ta ja carbi ta ce, "Mayar da ita yadda Allah Ya yi ta."

Na fitar da aikin a 1080, na gargaɗi kowa cewa in za a tura ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za ta matse shi ya dagule. Ranar Juma'a bayan la'asar aka taru a falon Kawu. Talabijin ɗinsa na kan saitin nan na shago mai ƙure haske da kala. Amarya ta fito jawur tana sheƙi, rigar Kawu ta koma shuɗiya sosai. Mata suka ɗauki guɗa. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Ka gani? Ashe dai ka ji maganata a ɓoye."

Na miƙa hannu zan ɗauki rimot. Kawu ya riga ni, ya cusa shi a aljihu.

"Kada ka taɓa mini. Haka na sayo ta a Wunti."