Rabe-Raben Fitinannun Ɗalibai a Ajin Sakandare

Manufar ilimi ta Najeriya, wadda ta zo da tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982, ta ware wa sakandare shekara shida, ta kuma tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40, sai dai ba ta yi bayanin irin halittun da malamin zai tarar ba idan ajin ya ninka wannan adadi, kamar yadda ake gani a makarantun gwamnati da dama. Malaman da suka daɗe suna shaƙar ƙurar alli sun kasa fitinannun ɗalibai gida-gida, domin kowane gida da irin maganinsa.

Gida na farko shi ne na Sarkin Bencin Baya, wato ƙaton da ya girmi ajin da shekaru, wanda ya zaɓi kusurwar da idon malami ba ya kaiwa ya kafa fadarsa, inda fadawa ke kai masa caffa da gyaɗa da rake. Shi ba ya surutu da bakinsa, ido kawai yake ƙyaftawa ajin ya rikice. Bulala ba ta ƙara masa komai sai kwarjini, saboda haka malami mai dabara yakan naɗa shi mai kula da tsabtar aji, domin mai son sarauta ba ya yi wa gwamnatin da ta ba shi muƙami tawaye.

Na biyu shi ne Ɗan Kwaikwayo, wanda ya haddace tafiyar kowane malami da tarinsa da kalmar da yake yawan maimaitawa, kuma daga bakinsa ne laƙabin malamai ke fitowa, laƙabin da kan bi mutum har ya yi ritaya. Abincinsa dariyar jama'a, don haka tsawa a gaban aji riba ce a wurinsa, amma idan aka kira shi ofis shi kaɗai, inda babu mai tafa masa, sai a ga murya ta yi sanyi.

Na uku shi ne Lauyan Aji, wanda ya gano cewa darasi minti 40 ne kacal, kuma tambaya guda mai reshe tana iya cinye rabinsa. Da zarar an ambaci gwaji sai ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Malam, wai da gaske an je duniyar wata?" Maganinsa a yaba wa tambayar, a ɗora masa binciko amsarta a rubuce kafin gobe.

Akwai kuma Matafiyi, wanda mararsa ba ta cika sai a darasin lissafi, yana cewa "Malam, zan zaga," ba kuwa za a sake ganinsa ba sai an kaɗa ƙararrawar tara, wato hutun cin abinci, a gaban mai awara. Kusa da shi akwai Mai Tawali'u, wanda kansa kullum a sunkuye yake kamar mai lazimi, alhali wayar salula ce a ƙarƙashin tebur. Sai Ɗan Wane, wanda ke amsa kowane gyara da ambaton muƙamin mahaifinsa, wanda kuma ba abin da ke karya lagonsa kamar a gayyato mahaifin da kansa.

Mafi wuyar ganewa shi ne Monita Mai Cin Hanci. Monita ɗalibi ne da aka ɗora wa rubuta sunayen masu surutu, kuma a hannun wannan nau'in takardar takan zama kasuwa: ƙosai biyu na goge suna, tsohuwar gaba na saka shi sau uku.

Kamun kunne da tsallen kwaɗo da yankan ciyawa suna auna dukan waɗannan gidaje da mudu ɗaya, shi ya sa suke gajiyar da jiki su bar hali yadda yake. Gida na ƙarshe kuwa ba ya cikin rajistar aji, domin shi ne malamin da ke miƙa wa monita littafi ya kwafe a allo, shi kuma ya koma gindin dalbejiya hira. A ajinsa ne sauran gidajen suke samun horo, kuma idan sakamakon jarrabawar WAEC da NECO ya fito, shi ne kan gaba wajen cewa yaran zamani ba su da tarbiyya.