Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Sakajiki Zuwa ga Masu Tseren Keke na Faransa

Zuwa ga shugabannin Tour de France, birnin Faris.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali da ta gwiwoyin yaranku, dalilin wannan takarda neman alfarma ne. Mun lura tserenku, duk da sunan Faransa da yake ɗauke da shi, ba ya ƙyamar kwana gidan maƙwabta. Tun 1954 kuka fara tayar da shi daga Holan. A 2022 kun tashi daga Denmak, a 2023 daga Sifen, a 2024 daga Italiya. Amma tun da kuka soma a 1903, tayarku ba ta taɓa taka ƙasar Afirka ba. To mu mutanen Sakajiki, cikin ƙasar Ƙaura Namoda, mun zauna bayan La'asar mun yanke shawarar mu fitar da ku kunya. Ku zo nan.

Duk abin da muke ganin kuna yi wa wahala a talabijin muna da shi. Tudu da gangare, gonaki iya ganinka, ga tsohon gari can gaba, jirgi mai saukar ungulu na shawagi yana nuna wa duniya gidan wani sarki da ya daɗe da zama ƙasa. A watan Yuli da kuke tsere, nan damina ta kankama, gero ya tasa, fadamun Gagare da Bunsuru sun yi kore shar. Manyan tsaunuka irin naku dai babu. Sai dai duk wanda ya taɓa tuƙa keke cikin yashin jigawa bayan azahar ba zai ji tsoron dutsen kowa ba.

Kwana uku kawai muke roƙo cikin zango 21 ɗin nan naku. Ranar farko a tashi daga ƙofar garinmu a ƙare a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura, inda dogon da ya taso daga Zariya ya tuƙe a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga da fatu. Kada ku damu da jirgi zai tare muku hanya, ya daɗe bai dami kowa ba. Garin kuwa sunan Muhammadu Namoda yake amsawa, jarumin Alibawa da aka ci Alƙalawa da shi a 1808, ku faɗa wa mai sharhinku ya haddace. Rana ta biyu a nufi Zurmi, a leƙa Dutsi, inda tarihin baka ya ce nan sarakunan Zamfara na farko suka zauna. Rana ta uku a bi ta Moriki a shiga Shinkafi, da sharaɗin ta kasance Alhamis, ranar kasuwa, domin wanda ya zo na ɗaya ya sami mai yi masa guɗa, wanda ya zo na ƙarshe kuma ya sami albasa da araha. Ba ku ne Turawan farko ba. Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, shi ma cikin ayari ya wuce saboda hanyar ba ta biyuwa mutum ɗaya. Za mu dawo kan wannan.

Dokokinku ne ke buƙatar gyara kaɗan. An ce keken tsere bai halatta ya gaza kilo 6.8 ba, kuma kamfanoni na kwana ba barci don su matso kusa da wannan nauyi. A nan kariyar tsohon Raleigh kaɗai ta kusa haka. Kuma mu ba mu san gwaninta a keken da ba ya ɗauke da komai ba. Gwani shi ne wanda ya ɗaure buhun gero a baya, jarkar ruwa biyu a gefe, kaji a rataye a kai suna kallon duniya a kife, yaro a ƙarfen gaba, ya hau tudu bai sauka ba, ya kuma amsa gaisuwar duk wanda ya gamu da shi har da tambayar gajiya. Wannan ya cancanci rigarku mai ruwan ɗorawa ta jagoran tsere. Naku kuwa, Allah ya ba su haƙuri, ko gorar ruwan da suka sha jifa suke yi da ita bakin hanya. Yaranmu sun ce a gaya muku wannan ɗabi'ar kada a canza ta, za su tsaya daidai wurin.

Motocin nan da ke bin su ɗauke da sababbin kekuna, waɗanda taya na fashewa an miƙo wata, ku bar su a gida. Ku tuna da asalinku. A 1913 ƙarfen gaban keken Eugène Christophe ya karye yana gangarowa daga tsaunin Tourmalet. Ya saɓa keken a kafaɗa ya taka har wani ƙauye, ya shiga maƙera ya gyara abinsa da hannunsa, don dokar lokacin ta hana a taimaka wa ɗan tsere. Duk da haka alƙalanku suka ci shi tarar mintuna, wai wani yaro ya yi masa zuga. Da na ba maƙeran garinmu wannan labari, sun yaba wa Christophe, sun kuma nemi sanin ko an biya yaron. Wannan tseren muka fahimta. Mai faci na nan gindin kowace tsamiya da kwanon ruwa da gam, in ba a sami sabon tib ba zai ɗora faci kan faci har sai iska ta gaji ta zauna. Mun kuma ji cewa a tserenku na Faris zuwa Roubaix da gangan kuke neman tsofaffin hanyoyin duwatsu masu girgiza haƙori, har ana kashe kuɗi a adana su. Namu ramukan ba wanda ya biya don a adana su, amma ga su nan lafiya lau.

Kada wani ya ce baƙar fata ba su iya ba. Biniam Girmay ɗan Eritriya ya ci zango uku da koriyar riga a tserenku na 2024. Burkina Faso na nata tseren tun 1987, Kigali ta karɓi gasar duniya a 2025.

Saura magana ɗaya, wadda jakadanku zai faɗa muku ko mun ɓoye. Hanyoyin nan da na zana muku, mu da kanmu ba ma bin su sai da addu'a, wani lokaci sai da rakiyar sojoji. Ɓarayin daji sun hana mutum zuwa gonar da ta yi nisa da gari, wani wurin sai an biya su kafin a yi noma, a sake biya kafin a girbe. A kan babur suke zuwa, su uku uku. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita hawan babur, aka katse layin waya. Keke ne kaɗai ba a sa wa doka ba, don ba a taɓa kama shi da laifi ba. Da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma, mutanen da suka jingine shi a zaure shekara da shekaru suka kakkaɓe masa ƙura suna kiransa tsohon amini. Ga keke, ga ƙafa, ga ƙasa mai kyau, hanyar ce babu. Dattawanmu sun yi zamanin da mutum zai hau bayan Asuba ya je ta'aziyya gari na uku, ya sha fura a hanya, ya dawo da fitila bayan Isha'i. Jikokinsu na jin labarin kamar tatsuniya. Ku ma kun san abin, domin daga 1915 zuwa 1918, da kuma daga 1940 zuwa 1946, ba ku yi tsere ba saboda yaƙi.

An tabbatar mana duk hanyar da za ku bi sai an rufe ta tun safe, jandarma a kowace mararraba, jirgi a sama, motar asibiti a baya. Ranku ya daɗe, Yuli lokacin noma ne. Cikin kwana ukun nan, yayin da yaranku ke haki a kan titi, kada ku ji haushi in kun ga ba 'yan kallo da yawa. Muna gonakin nesa da fartanya.

In kuma kwana uku ya yi muku tsada, ku fara aiko da jandarman, kekunan su biyo baya.

Naku da girmamawa,
Wani mai tsohon Raleigh,
Sakajiki, ƙasar Ƙaura Namoda.