Yadda Ibrahim Ya Mamaye Kundina

Ɗalibin shari'a na ajin ƙarshe ya fi tsoron ƙasan shafi a kan jarrabawa. Malamin da ke duba kundina ya gindaya mini sharaɗi tun ranar farko: tsarin NALT na ƙungiyar malaman shari'a ta Najeriya, kowace hujja da lambarta a ƙasan shafi. Ya ce idan ya ga APA, mai cusa suna da shekara a tsakiyar magana, ko buɗewa ba zai ƙara yi ba.

Wani abokina a Samaru ya saka mini Zotero, manhajar kyauta mai adana madogara. Na zaɓi tsarin OSCOLA na jami'ar Oxford, da yake ya yi kusa da namu, sauran na daidaita da hannu. Na zuba shari'ar Donoghue da Stevenson ta 1932, ta matar nan da ta ce ta tarar da dodon-koɗi a kwalbar lemon citta, da ta Madukolu da Nkemdilim ta 1962 kan hurumin kotu, da tarin hukunce-hukunce daga kundin rahoton shari'u na NWLR, wanda Gani Fawehinmi ya kafa a 1985. Aiki ya fito tsaf, har na fara jin kaina da hular gashi.

Na bar wa yaron wani shagon buga takardu filashi, na tafi sallar la'asar. Da na dawo ya tare ni da fara'a: "Yallaɓai, na ɗan gyara maka wasu kurakurai, ba sai ka biya ba." Na yi godiya, na wuce Sabon Gari wurin mai ɗaure littafi. Shi kuma ya sa wuƙar injinsa ya datse gefen takardun, wai don su yi kyau.

Sai da na kai wa malam kundin a Kongo asiri ya tonu. Ashe duk inda aka rubuta "ibid", wato madogarar da aka ambata yanzun nan, yaron ya ɗauka Ibrahim ne aka taƙaita, ya cike masa sunansa. Donoghue da Stevenson kuwa, da suka kai juna kotu, ya haɗe su mutum guda mai suna Donoghue V. Stevenson. Abin da ya tsira daga hannun yaro, wuƙar Sabon Gari ta yi gaba da shi.

Malam ya gyara tabarau, ya ce, "Kai, wane ne wannan Ibrahim? Shi ya yi hukunci a Ingila a 1932, shi ya rubuta tsarin mulkin 1999? Kawo mana shi mu ba shi farfesa."

Garin neman gira aka rasa ido, kuɗin bugu da na ɗauri suka fito daga aljihuna karo na biyu. Ɗalibai, ku mayar da kundinku PDF kafin ya shiga shago, ku tsaya a kan mai wuƙa har ya gama, kuma duk wanda ya ce zai yi muku gyara kyauta, ku roƙe shi don Allah ya bari.