Kyanwa, Ciyawar Chia da Sauran Miyar Jiya

Mu a unguwar nan ba ma sayen kyanwa, ita ke kawo kanta. Yau ka gan ta a kan katanga tana leƙen madafi, jibi ta haihu a bayan buhun gawayi, shi ke nan ta zama 'yar gida. Ba mu raɗa mata suna, ba mu kai ta allura. Abincinta kuwa abin da ya rage a kwano, sai ɓeran da Allah Ya ciyar da ita. Haka muka taso muka tarar, kuma ba wanda ya taɓa ɓata lokacinsa yana tambayar ko ganye kaza zai ɓata mata ciki.

Sai ga chia ta shigo gari, 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin nan baƙaƙe da matanmu ke jiƙawa a yogot wai don rage teɓa. In suka zube a tukunyar fulawa, kwana kaɗan sai su tsiro, kyanwa kuma ta bi ta kai tana tsinka. Abin da ya tayar da hankalin amaryar gidan Alhaji ke nan, har ta leƙo ta katanga.

"Hajiya, don Allah abin nan ba zai kashe min ita ba?"

Hajiya Babba tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ke 'yar nan, kyanwar da ke cinye ƙadangare da kansa da jelarsa, ita ce ganye zai kashe?"

A kan chia dai Hajiya ta yi gaskiya. Asalin shukar daga Meziko da Gwatamala ne, kuma mutanen Aztek suna nomanta suna ci tun kafin Sifaniyawa su ci ƙasarsu da yaƙi a 1521. Ba ma ciyawa ba ce irin dangin gero da alkama, 'yar uwar na'a-na'a ce da ɗoɗɗoya. Likitocin dabbobi ba sa lissafa ta cikin tsirrai masu guba ga kyanwa. In ta tsinki ganye biyu uku ba komai, in ta yi zari sai dai amai ko gudawa. Ƙwayar ce ke son lura, don tana shan ruwa ninki 10 na nauyinta ko fiye, ta kumbura ta yi yauƙi, saboda haka ba a zuba wa ƙaramar dabba busasshiyarta cikin cokali. Ni abin da ke ba ni dariya ma shi ne masu cewa za su riƙa barbaɗa wa kyanwa chia don gashinta ya yi sheƙi. Kyanwa maciyiyar nama ce zalla. Akwai sinadarin taurine da take samu a nama, wanda in ta rasa shi sai ido ya tafi, zuciya ta raunana. Man da ke cikin chia kuwa jikinta bai iya sarrafa shi sosai ba. Ɗan dafaffen kifi marar gishiri ya fi mata kwalbar chia guda.

To me ya kai mai cin nama ga ciyawa? Fatawarmu ɗaya ce tun kaka da kakanni: cikinta ke ciwo, magani take nema. Baba mai gadi har rantsuwa yake yi a kan haka, ya ce ta fi mu sanin saiwa. Wasu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun tambayi masu kyanwa sama da 1,000, suka bayyana sakamakon a 2019. Yawancin kyanwoyin lafiyarsu ƙalau kafin su ci ciyawar, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke yawan yin amai bayan sun ci. Hasashensu shi ne ɗabi'a ce ta gado daga kakanninsu na daji, da ciyawa ke taimaka wa wajen fitar da tsutsar ciki. Da aka gaya wa Baba, cewa ya yi, "To ba maganin ke nan ba? Bature ya sha wahalar banza."

Abin da Turawa ke sayarwa a shaguna da sunan ciyawar kyanwa ba wani abu ba ne illa tsiron alkama da sha'ir da danginsu. Mu da ke da kasuwar hatsi ta Dawanau a kusa, ai abin kunya ne mu yi odarsa. Tafin hannu ɗaya na alkama a tsohuwar roba, da ƙasa, da yayyafin ruwa, cikin kwana 7 zuwa 10 ta yi tsawon yatsa. Sai dai kada a ce ai duk hatsi hatsi ne a shuka dawa. Tambayi kowane makiyayi abin da ya sa yake kore shanunsa daga gyauron dawa: ɗanyen tsironta na ɗauke da sinadarin da ke zama gubar sayanaid a ciki. Kuma ban da irin shuka da aka shafa wa jan magani, na ci za a ɗebo daga buhu.

Inda Hajiya ta kauce hanya shi ne cewa ganye ba ya kashe kyanwa. Yana kashewa, kuma mu muke dasa shi da hannunmu muna ba shi ruwa safe da yamma. Dubi kariya, mai kaurin gindi da jan furen nan da muke jerawa a ƙofar gida don kwalliya. Ruwanta mafarauta suka daɗe suna haɗa dafin kibiya da shi a sassan Afirka, kuma zuciya yake kamawa. Oliyanda da ake yin shinge da ita a gidajen GRA, haka. Tumfafiyar kangon bayan gida, haka. Ga zurma, ga cini-da-zugu, ga zaƙami da ko mutum haukata shi yake yi. Sai mai faffaɗan ganye da ɗigon fari da ke falon kusan kowace amarya, difenbakiya, wadda ke ɗauke da irin ƙaiƙayin ɗanyen gwaza: kyanwa na tauna ta baki ya kumbura, miyau ya yi ta dalala. Alobera ma da muke shafawa a fuska, gudawa da amai take sa ta.

Gaskiya ne kyanwar da ke yawon katanga ba kasafai take kula waɗannan ba, don ga ciyawa ko'ina, me zai kai ta ga mai ɗaci? Matsalar ta 'yan gayun kyanwoyi ce, masu gashi buzu-buzu da yaranmu suka fara saye da tsada suna kullewa a bene, da kuma 'yan jarirai masu wasa da komai. Wadda ba ta taɓa taka ƙasa ba, abin da ta gani kore shi za ta tauna. Mafi muni duka shi ne furen lili, babban farin nan mai ƙamshi da ke zuwa cikin damin furannin da ango ke aika wa amarya, al'adar da muka aro kwanan nan. Ba sai ta ci ganye guda ba. Garin furen da ya zuba a gashinta ta lashe, ko ruwan kwalbar da aka tsoma shi, ya isa ya kashe mata ƙoda cikin kwana 3. Furen wardi kuwa ba shi da guba, sai dai ƙaya.

Amma duk wannan a gefe, in ana maganar shukar da ta fi cutar da kyanwa a unguwarmu, a tukunya take. Albasa ce da tafarnuwa. Ɗanya, dafaffiya, soyayya, ko garin da ke cikin yaji, duk suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininta. Mu kuwa me muke yi? Sauran miyar jiya da aka soya da albasa uku, mu kwaɓa da tuwo mu tura mata, muna jin mun yi sadaka. Ba ta faɗuwa nan take, shi ya sa ba mu gane ba. A hankali take ramewa, dasashinta ya yi fari, ta daina hawa katanga, mu ce tsufa ne ko an yi mata baki. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma a wannan shari'ar mu ne daddawar.

Da ta kwanta kuma sai tausayi ya motsa. Duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, don haka ba mai son a ce ya bar dabba tana wahala. Sai Inna ta ce, "Ke Ladidi, ɓallo mata rabin farasitamol." Nan ne ake gamawa da ita. Hantar kyanwa ba ta da abin narkar da wannan magani yadda tamu ke yi, ƙwaya ɗaya ta manya mai miligiram 500 tana iya kashe ta. Fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya, dasashi ya koma ruwan ƙasa. Wani kuma ya ce a ɗura mata manja, wani ya ce madara, wani ya ce ruwan gishiri don ta amayar. Manja na iya sarƙe ta ya gangara huhu, madara gudawa take sa yawancin manyan kyanwoyi, gishiri mai yawa kuwa shi kansa guba ne.

Don Allah jama'a, in kun ga tana dalalar da miyau, tana amai ba ƙaƙƙautawa ko tana tangaɗi, ku tsinki ganyen da kuke zargi ku riƙe a hannu, ku sa ta a kwali ku nufi asibitin dabbobi, wanda muke kai ragon layya in ya ƙi cin dusa. In lili ce kada a jira gari ya waye, don likitoci sun ce in aka wuce awa 18 ba a fara ƙarin ruwa ba, da wuya ƙodar ta dawo.