Maziyartan Kusugu

Duk wanda ya taɓa raka baƙi rijiyar Kusugu a Daura ya san guzurin wurin haƙuri ne.

Gwanina shi ne Malam Na-fi-ka-sani. Dattijon da ke kula da rijiya bai rufe baki daga cewa "Bayajidda ya taso daga Bagadaza" ba, sai ya ɗaga yatsa: "Dakata, Baba, ai masana sun yi saɓani." Shi ke nan, ba a ƙara jin muryar Baba. Zai gyara zaman hula, ya kai ku Borno, ya biyo da ku Gaya wurin maƙeran da suka ƙera wuƙa, ya sauke ku gidan tsohuwa Ayana, sannan ya koma baya don ya manta bai gaya muku ranar Juma'a kaɗai macijin da ke cikin rijiyar ke bari a ɗebi ruwa ba. In an zo lissafin Hausa Bakwai, sai ya tsaya a shida. Biram ta ɓace masa, ya cusa Zamfara ba ko gezau. Baba dai sai ya ce, "Allah ya ƙara sani, ranka ya daɗe."

Akwai Hajiya mai jarka, wadda dangi kaf suka yi wa sautu. Akwai saurayi mai waya, wanda ƙeyarsa ce kaɗai ta ga rijiyar. 'Yan firamare kuwa tambayarsu ɗaya: macijin bai bar 'ya'ya ba?

Bakano zai leƙa, ya taɓe baki, ya ce Gidan Makama ya fi kayan kallo. Tuna masa cewa Bagauda, da ya hau sarautar Kano a 999, ɗan Bawo ne, jikan Magajiya Daurama ta Daura, sai ka ji ya koma maganar farashin gero. Sai irinmu 'yan boko, masu tsayawa gefe da murmushin "tatsuniya ce", alhali ga gorar roba a aljihu, muna jira mutane su ragu.

Wanda ba na yi wa dariya shi ne mai jefa ledar ruwa ko murfin kwalba cikin rijiyar, wai ya ji zurfinta. Ƙato da gemunsa! Ruwan da Hajiya za ta kai wa mara lafiya ke nan. Ka yi masa magana, ya zaro ido ya ce, "Rijiyar gidanku ce?"