Masu Taku Ɗaya

A Kambaza, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, albasa ce ke tona halin mutum. Dashe da ban ruwa kowa ya iya. Sai an cire an tara ake sanin wane ne wane.

Akwai Sarkin Garaje. Shi ba ya jiran ganye ya kwanta. Da ya ji an ce babbar mota ta shigo daga Kudu, sai ya tumɓuke rabin gona, albasa da ɗanyen wuyanta, ya sayar a bakin fadama daidai lokacin da kowa ke cirewa, buhu ya faɗi warwas. Da damina ma haka: yayyafin farko na sauka, ƙasa ba ta gama jiƙa ba, ya zuba gero. Sama ta ɗauke, ya dawo roƙon iri gidan maƙwabci. Sallama kuwa a kan babur yake jefo ta, kafin ka amsa ya kai Gwandu. Hujjarsa ɗaya ce: da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Abokin hamayyarsa shi ne Malam Bari-Mu-Gani, kuma gaskiya da farko ya fi shi dabara, don albasa kan yi tsada idan ta yi ƙaranci. Sai ya jera tasa a rumbun kara, ya zauna. Farashi ya tashi. Dillali ya zo daga Aliero, ya taya, ya ƙara, ya sake ƙarawa. "Awo, na ji, Alhaji. Bari dai mu gani. Sannu ba ta hana zuwa." Bai taɓa ƙarasa karin maganar ba. Ranar da ya shirya sayarwa, wari ya riga shi sanar da unguwa: ta ƙasa ta narke, ta sama ta tsiro.

Abin takaicin, ya taɓa cin nasara sau ɗaya. Farkon 2023, bayan Babban Banki ya sauya fasalin takardun naira ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, mutane suka yi ta yini a layin banki a Birnin Kebbi, shi ko gezau. A watan Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo. Tun ranar ba mai iya ba shi shawara, har likita.

Sai Ɗan Kwaikwayo, wanda ke noman bana da farashin bara. Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015. Ɗan Kwaikwayo bai motsa ba sai da aka fara bin masu bashi gida-gida.

Akwai kuma wanda ke zuwa karɓar rance da gudu, ranar biya gwiwa ta motsa. Wannan dai ba za a ce bai iya sauya taku ba.

Na ƙarshen ba shi da laƙabi, don ba ya ba majalisa abin dariya. Albasarsa kashi uku yake yi: ɗaya ya sayar nan take ya sallami 'yan ƙwadago, ɗaya ya jira kasuwa, ɗaya ya bari don iri da miya. Duk mako yana shiga rumbu, ya latsa wuyan kowace da babban yatsa, wadda ta yi laushi ya fitar kafin ta shafi 'yan uwanta. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, injin ban ruwa ya fara cin riba tun kafin a gan ta, ya rage fangali, daga baya suka haɗa kuɗi da ƙanensa suka sayi famfon sola. Gaban dattijo zai durƙusa ya tambayi gida da gajiya da dabbobi kamar ba shi da abin yi. Tiyo ya fashe a gona, ko yaro ba ya kamo shi.

Sarkin Garaje na cewa nawa ta yi masa yawa. Malam Bari-Mu-Gani na cewa gaggawa za ta kashe shi. Abu ɗaya kaɗai su biyun suka taɓa yarda a kai, wato mutumin ba shi da tsayayyen ra'ayi, kuma a teburin mai shayi suka yanke hukuncin, bayan sun ce a rubuta kofunansu cikin lissafinsa.